Bugun da Ban Rubuta Ba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce abokina Sunday ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Mu a Sabon Gari Ɗanladi muke ce masa, ko a gidansu ma in ana so ya amsa da sauri da sunan ake kiransa. Duk shekara in ranar ta zagayo nakan je gidansa a Muchia in zauna da matarsa da 'yarsa, a ci abinci, a yi ta tuna barkwancinsa. Bana ban je ba, ba a kuma aiko a ji ko lafiya ba. Laifin nawa ne. Akwai abin da na sani game da zuciyar Ɗanladi tun muna ɗalibai, na binne shi a cikina shekara ashirin da huɗu, sai da ya nemi ya ci ran 'yarsa sannan na buɗe baki. Don haka bana ba zan cika muku kunne da yabo ba, abin da ya faru zan faɗa.

Iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne, amma a nan aka yanke masa cibiya. Mahaifinsa na sayar da kayan gyaran mota a unguwar PZ. Hausar Ɗanladi ta fi tawa daɗi, in ya ga dama ya yi maka Zazzaganci har ka rantse daga cikin ganuwa ya fito, in rai ya ɓaci kuma ya juye zuwa Turancin buroka. Dogo ne, siriri, ga tsokana. Ni kuwa tun ina yaro gajeren haƙuri ne da ni, shi ya sa ya mai da ni abin wasansa. Ya san daidai inda zai taɓa in tashi, in na tashi kuma ya koma gefe yana dariya.

Tare muka samu gurbin karatu a jami'a a Samaru, sashen motsa jiki da kiwon lafiya. A lokacin in ka faɗi abin da kake karanta sai an sake tambayarka. Digirin tsalle-tsalle ake ce masa. Wani kawuna ya taɓa tambayata a gaban jama'a ko gudun ma sai an je jami'a ake koya, wai shi da kare ya biyo shi a gona babu farfesan da ya nuna masa yadda ake yi. Ba su san muna kwana muna haddace sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi ba, da yadda huhu ke ɗaukar iska, da abin da tuwo ke zama in ya shiga jini. Ni dai na shiga kwas ɗin ne don shi aka ba ni. Ɗanladi shi ya zaɓa da hannunsa, har ya ɓata da mahaifinsa a kai. Tsohon ya so Ɗanladi ya zauna masa a shago. Da ƙyar ya bar shi, da sharaɗin duk ranar da aka samu wata tangarɗa a karatun, kowace iri ce, zai tattara ya dawo PZ.

A aji uku akwai wani furaktikal da kowa ke yi. Ana ajiye benci, mutum ya yi ta hawa da sauka na wasu mintuna yana bin tafin malami. In an ce a tsaya sai ya zauna, abokin aikinsa ya ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannunsa ya ƙirga bugun jini. Ba a ƙirga na minti guda cur. Daƙiƙa goma sha biyar ake yi, a ninka sau huɗu, a rubuta a wani ɗan akwati a jikin takarda. Akwatin lamba kawai yake ɗauka. Babu layin da za ka rubuta yadda bugun ya zo, a jere ne ko a hargitse, don an ɗauka mu duka samari ne majiya ƙarfi. Abin da ake son gani shi ne zuciyar wa ta fi saurin komawa daidai bayan wahala.

Ni na riƙe hannun Ɗanladi. Na ƙirga har tara lafiya, sai na ji shiru a ƙarƙashin yatsuna. Kafin in yi wani tunani bugu ɗaya mai ƙarfi ya dawo, kamar wanda ya yi tuntuɓe ya cafe kansa, wasu ƙanana suka biyo baya waɗanda da ƙyar nake jin su. Na ce ko yatsuna ne suka zame, na gyara riƙo na sake. Ya sake yi. Da na ɗaga kai na ga leɓensa ya yi fari, gumi na zuba, idonsa kuma na kaina. A nan na gane ba yau ya fara ba.

Na raɗa masa mu faɗa wa malam. Ya ce in malam ya ji, asibitin makaranta za a tura shi, daga can sai takarda, daga takarda sai a cire shi daga furaktikal, mahaifinsa kuma abin da yake jira ke nan. Wai tun yana sakandare yake jin haka, jiri ne kawai, in ya sha ruwa ya huta sai ya wuce.

"Lawal, ka ƙirga, ka ninka, ka rubuta," in ji shi. "Abin da aka sa ka ke nan. Abeg."

Na rubuta. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne abin da ya biyo baya. Da yake bugun da suka ɓace ba su shiga lissafi ba, lambar Ɗanladi ta fito ƙasa da ta kowa a ajin. A wannan gwajin kuwa ƙaramar lamba ita ce shaidar lafiyayyar zuciya. Malam ya ɗaga takardar sama ya nuna wa aji, ya ce ga yadda ake son zuciyar ɗan wasa ta kasance. Aka tafa masa. Ni ma na tafa, da hannun da ya yi rubutun.

Ba zan fake da jahilci ba. A zangon karatu na gaba aka koyar da mu dalla-dalla abin da irin wannan bugun ke iya nufi, musamman in ya haɗu da jiri bayan gudu. Ina zaune a layi na biyu, shi yana gefena yana zanen mota a bayan littafi. Bayan mun gama karatu sau biyu na tayar masa da maganar, lokacin aurensa da lokacin da aka haifi 'yarsa Ngozi. Duka biyun amsa ɗaya ya ba ni, wai da sauƙi. Kun san mu da wannan kalma. Mutum na kwance rai a hannun Allah, ka tambaye shi ya jiki, ya ce da sauƙi. Na san haka sarai, amma na karɓa, saboda ni ma sauƙin nake nema wa kaina.

Koyarwa ya kama a wata sakandare, ni ma haka. Amma aikin da ya fi so shi ne na ranar Asabar. Da sassafe yakan tara 'yan kasuwa masu hawan jini da ciwon suga a wani fili a Zabi, Alhazai da masu zuwa coci, maza gefe mata gefe, ya sa su tattaki da miƙe gaɓoɓi. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Kafin kowa ya fara sai ya riƙe hannunsa, kuma minti guda cur yake ƙirgawa, bai taɓa yin ta goma sha biyar ba. Duk wanda ya ji wani abu a jikinsa, ranar ba zai taka filin ba sai ya kawo takardar likita, ko da kuwa zai yi fushi. Na san mutane da dama da wannan taurin kai nasa ya kai asibiti a kan lokaci. Shi kaɗai ne bai taɓa miƙa wa kowa hannunsa ba.

A filin nan ya faɗi. An ce ya zagaya sau biyu a guje yana nuna musu yadda ake ajiye ƙafa, ya tsaya ya dafa gwiwa kamar zai yi magana, sai ya kife. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Da aka kira ni, wallahi ban tambayi me ya same shi ba. Kowa kuwa tambayar da yake yi ke nan. Mutumin da ba ya shan taba, ba ya shan giya, ko tumbi babu, ya za a yi ya faɗi haka kawai? Ba a yi wani bincike a asibiti ba. Nan da nan magana ta bazu cewa jifa ne, wai masu baƙin ciki da farin jininsa ne suka sa masa hannu. Matarsa, Maman Ngozi, ta riƙe wannan magana da hannu biyu, har ta daina gaisawa da wasu maƙwabta. Ina cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. Ina jin duk abin da ake faɗa, na ja bakina na yi gum.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga Samaru a yau. Abin da aka yi mana dariya a kai ya zama ado. Da asuba za ka ga mata da hijabi da takalmin kambas suna tattaki a bakin titi, manyan mutane da a da ko ƙofar gida sai da mota yanzu suna zagaya unguwa suna share gumi. An buɗe wuraren ɗaga ƙarfe, ɗalibai na shiga suna fitowa da kafaɗu kamar an hura. Na san da ya yi murna, ya kuma bi kawuna har gida ya tsokane shi. Na kuma san da ya yi faɗa. Yaran nan da ke shan garin ƙara tsoka da ba su san me ke ciki ba, da masu koyar da motsa jiki a waya waɗanda ba su taɓa riƙe hannun mutum ba, da sun sha surutu a wurinsa. Akwai kuma agogon hannun nan da ke ƙirga bugun zuciya da kansa, har ya yi ƙara in ya ji ba daidai ba. Ranar da na fara ganinsa a hannun wani ɗalibina na daɗe ina kallo. Shi ba shi da aboki, ba a roƙonsa.

Ngozi tana da shekara bakwai ubanta ya rasu. Ta taso doguwa kamarsa, da ƙafar gudu kamarsa. Tun a sakandare babu mai shan gabanta a tseren zagaye biyu. Baba Lawal take ce mini, ni na saya mata kambas ɗinta na farko, ni na riƙa kai ta gasa a bayan babur. Duk lokacin da ta tsaya a ƙarshen tsere tana haki, sai in zuba mata ido, in ta ɗago ta yi murmushi in ce wa kaina ka gani, ba komai. Bana ta samu gurbi a sashen da muka yi, ita ma da hannunta ta zaɓa.

Wata Juma'a da la'asar na biya gidan, ta kawo mini fom ɗin lafiya da aka ba sababbin ɗalibai in duba mata ko ta cika daidai. Fom ɗin yanzu ya fi namu hankali. Akwai layin da ke tambaya ko wani a dangi ya taɓa mutuwar farat ɗaya yana da ƙuruciya, ko an san wani da ciwon zuciya. An rubuta babu. Na tambaye ta wa ya cika wurin, ta ce mamanta ce ta ce ta rubuta haka, ai na babanta ba ciwo ba ne. Ta ƙara da cewa ranar Litinin za a yi tseren tantance waɗanda za su wakilci sashe, ta sa sunanta a dogon zango. Daga nan ta ce in koya mata ƙirga bugun jini irin na da, da yatsu, don ta riga 'yan ajinsu iyawa. Kafin in ce wani abu ta yi ta hawa da sauka a dakalin ƙofar ɗaki, tana dariya, sannan ta zo ta zauna ta miƙo mini hannu.

Na ɗora yatsuna. Na yi ta addu'a a zuci. Har goma sha biyu lafiya lau, na fara sakin numfashi, sai shirun nan ya zo. Shekara ashirin da huɗu ban manta da shi ba, ko a cikin mutum dubu zan gane shi.

"Nawa, Baba?"

Na ce mata lissafin ya ɓace mini, tsufa ne. Ta yi mini dariya, ta ce malam guda. Na tashi na hau babur, ban san yadda na isa gida ba.

Kada ku ɗauka daga nan na zama jarumi. Asabar guda na yi ina neman hanyar da zan kai yarinyar asibiti ba tare da na tona kaina ba. Na ce ko in ce mafarki na yi. Na ce ko in samu wani a sashen ya cire sunanta a ɓoye. Amma na san Maman Ngozi, na san 'yarta. In ban kawo dalili mai ƙarfi ba, uwar za ta kai ta wurin addu'a, yarinyar kuma ranar Litinin za ta ɗaura kambas. Dalili mai ƙarfi ɗaya ne, kuma a bakina yake. Lahadi shagon atamfofin Maman Ngozi da ke PZ a rufe, suna coci har yamma, na je ƙofar gidan na juyo. Wannan ma ban ɓoye muku ba.

Litinin da sassafe na isa PZ, Maman Ngozi tana cikin jera atamfofi a gaban shago. Tseren ƙarfe huɗu na yamma ne. Ta ba ni kujera na ƙi zama. Na faɗa mata komai a tsaye, bencin, da yatsun, da lambar da na rubuta, da tafin da aka yi, da abin da na ji a hannun Ngozi ranar Juma'a. Ba ta katse ni ba. Akwai turmi ɗaya a hannunta, ta yi ta ninke shi tana warwarewa. Na so ta zage ni, ta tara mini kasuwa, da ya fi mini sauƙi. Muryarta ko tashi ba ta yi ba.

"Malam Lawal, shekara goma sha ɗaya ina tsine wa mutanen da ba su yi mini komai ba, kai kana zaune a ɗakina kana cin shinkafata."

Na ce haka ne.

"Tun Juma'a ka ji, yau Litinin."

Na ce haka ne. Ta ja ƙofar shago ta sa kwaɗo, ta tare bas ɗin Samaru. Na ce in kai ta a babur ya fi sauri. Ko kallona ba ta yi ba.

A bakin fili ta samo Ngozi, ta fito da ita. A makon aka kai ta wurin likitan zuciya aka ɗauki hoto. Ni a bakin wata maƙwabciya na ji sakamakon. Naman zuciyar ya yi kauri fiye da kima, abu ne da ke bin jini, kuma likita ya ce da wuya in ba shi ne ya kayar da ubanta ba. An ɗora ta a kan magani. Karatu za ta ci gaba, tattaki ma an yarda, amma tsere an ce ta manta da shi. Sau ɗaya Ngozi ta kira ni a waya tun daga lokacin. Ta ce ta gode, sannan ta tambaye ni me ya sa na bar ta ta yi shekara shida tana gudu, har ta sa rai, alhali na sani. Ba ta jira amsata ba.

To me ya rage na Ɗanladi? 'Yan tattakin Asabar suna nan a Zabi, wani tsohon ɗalibinsa ke ja musu gaba, kuma har yau sai an riƙe hannunka kafin ka taka filin. Akwai tsofaffin da ke ɗaukar jikoki a yau saboda ya kore su zuwa asibiti. Wannan nasa ne, babu mai ƙwace masa. Amma ina fushi da shi, yau na faɗa. Ya san abin da ke ƙirjinsa fiye da kowa, ya karanta shi a littafi, ya tsare mutanen gari daga irinsa, ya bar 'yarsa da shi ba ko kalma ɗaya. Ina kewarsa kamar me, ina kuma jin haushinsa, kuma nawa laifin bai ragu da ƙwayar zarra don nasa ba. Ya roƙe ni sau ɗaya, yana ɗan shekara ashirin da uku, cikin tsoro. Sauran shekarun ba wanda ya roƙe ni.

Likita ya ce a duba duk wanda ya haɗa jini da Ɗanladi. Maman Ngozi ta aiko mini da takarda, ba gaisuwa a ciki, sunaye ne da lambobin waya: ƙannensa uku da ke Kudu, kowanne da 'ya'yansa. Ta ce ni zan kira su ɗaya bayan ɗaya in faɗa musu da bakina, tun daga bencin, kada in rage komai. Na kira duka ukun. Biyu sun kashe waya kafin in gama, amma na ji sun kai yaransu asibiti, wannan ya ishe ni.

Suna na huɗu a takardar ba lamba a gabansa. Mahaifiyar Ɗanladi ce, tana nan da rai a Zabi, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni. Ita ba gwaji za a yi mata ba. Har yau kullum da safe sai ta roƙi Allah ya tona asirin wanda ya kashe mata ɗa. Na aika mata cewa gobe bayan la'asar ina tafe, akwai maganar da zan yi da ita. Ɗazun nan aka dawo mini da amsa. Wai ta yi murna ƙwarai, ta ce ɗanta Lawal ya daɗe bai zo ba, kada in ci komai a gida, da kanta za ta shiga kicin.